Zabuwa Mai Jini Shida

"...lafiya lau nake, Zabuwa, har zuwa lokacin da kika tare min hasken ƙofa."

"To madalla. Ni da aka ce min wata tsohuwar rediyo ta ƙi kamawa a layin nan, na ce bari in leƙo ko kai ne."

Shagon gyaran rediyo da talabijin ne, ɗan ƙarami, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Talabijin sun hau kan juna har rufi, wasu an buɗe musu baya wayoyinsu na reto, wasu kuma masu su sun manta da su tun shekarun baya. Ƙaurin dalma ya kama bango. Mai shagon tsoho ne da ya haura saba'in, duk layin Mai Dalma ake ce masa. Wadda ta shigo jikarsa ce, 'yar 'yarsa, 'yar fim mai shekara ashirin da uku, wadda fuskarta ta fara hawa allunan talla na bakin titi. Tun ranar da aka miƙa masa ita tana jaririya ya sa mata Zabuwa, wai don jikinta zane-zane ne, kowane ɗigo da inda ya fito. Ita kuma tun da ta iya magana ba ta ce masa komai sai Tsoho.

Ya ajiye ƙarfen dalma ya miƙa mata hannu. "Ina aikena?"

"Wane aike?"

"Tabarau. Mako uku ke nan da likitan ido ya rubuta takarda na ba ki. Da hawainiya na aika da tuni ta je ta dawo, har ta canza kala sau biyu a hanya."

"Ai da gangan na yi jinkiri, tausayinka nake ji. Ranar da ka sa tabarau ka kalli madubi, ranar za ka san irin haƙurin da kakata ta yi shekara arba'in."

"Kakarki da ƙafarta ta biyo ni."

"Rediyonta ta biyo. Kai ka riƙe ta wata shida kana cewa ba a samo kayan gyara ba."

"Dabara ke nan. Wanda bai iya farauta ba shi ke zagin mai tarko. Miƙo."

Ta zaro ɗan akwatin tabarau daga jaka ta ba shi. Ya goge gilashin da bakin riga, ya ɗora a hanci. Ya kalli tafin hannunsa, ya kalli kalandar da ke bango, sannan ya ɗago ya kalle ta. Sai ya ja da baya har kujera ta yi ƙara.

"Innalillahi! Cire min, cire min abin nan! Ashe haka kike? Shekara ashirin da uku ina cewa matata, matata, ashe yanar ido ce ta rufa miki asiri!"

"Wannan fuskar da kake rainawa, jiya sai da motoci suka tsaya a titi saboda ita."

"Haka suke tsayawa in akuya ta shiga titi."

"Akuyar da ake neman hoto da ita?"

"Ai abin mamaki shi ake ɗauka hoto. Matso nan in gani da kyau. Juya. Ɗaga haɓa." Ya girgiza kai. "Ke fuskar nan ma ba taki ba ce, kayan aro ce. In yau kowa ya zo ya ce a ba shi nasa, ba abin da zai rage miki sai kunne biyu. Su ma ban tabbata ba."

"To mai bincike, fara lissafa masu kayan."

"Wannan hancin dai na uwata ne. Dogo, siriri, kamar an ja shi da zare. Mutanen kan dutse ke da irinsa. Ni ya kamata in gada, sai aka tsallake ni aka ba ki. An cuce ni a gidan nan."

"Ba cuta ba ce, hancin ne ya leƙo ya ga fuskarka ya ce zai jira mota ta gaba."

Tsohon ya yi kamar bai ji ba. "Gashin nan mai santsi da ke zamewa daga ɗankwali, na uban kakarki ne, mai sayar da yadi da ya zo daga ƙetaren teku. Fari tas, in rana ta taɓa shi sai ya yi ja kamar an mare shi. Ya zo da niyyar wata uku, ya yi zazzaɓi, ungozomar unguwa ta yi jinyarsa, ya warke daga zazzaɓi ya kamu da ungozoma. Shekara hamsin bai koma ba."

"Ka ga maza ke nan. Kai wa ya taɓa yi maka jinya ka kamu?"

"Ni ba na ciwo, ni nake sa ciwo. Bakin nan naki mai kaifi kuwa na ungozomar ne, 'yar cikin gari ta asali. An ce jaririn da ya ƙi fitowa, faɗa take yi masa sai ya fito da gudu. Ita ta ba kakarki, kakarki ta ba uwarki, uwarki ta wasa shi ta ba ki. Ni kaɗai aka yi ta yanka da wuƙa ɗaya tsawon zuriya uku."

"Kuma har yau ba ka mutu ba. Naman tsoho akwai tauri."

"Tsawon nan da kike tare min ƙofa da shi, na dangin ubanki ne ta wajen uba, mutanen can inda yashi ya fi ruwa yawa. Ranar da suka zo neman auren uwarki sai da na sa aka cire labulen ƙofa, duk da haka biyu suka bugi goshi. Idanun nan kuwa manya, na kakarki ta wajen uba ne, 'yar ƙasar kurmi inda ruwan sama ba ya hutu. Gajeruwa ce, in ta tsaya kusa da mijinta kamar tulu kusa da dabino. Amma in ta zaro idon nan sai dogon ya zauna."

"Biyar ke nan. Saura me?"

"Murya. Ta ubana ce, matuƙin kwalekwale. Daga wannan gaɓar kogi yake kiran mutum a waccan gaɓar, ya kuma gaya masa abin da zai taho da shi. Ai ranar nan da kika tsaya a bakin gona kika ƙwala wa ƙaninki kira, kika ce, 'In ka tafi, wa zai rufe mini ido?' wallahi sai da tsikar jikina ta tashi, na ce ubana ne ya dawo."

Zabuwa ta naɗe hannu a ƙirji tana murmushi. "Wace gona, Tsoho? Ni ba ni da ƙani."

Ya kau da kai yana gyara tabarau.

"A fim na faɗi haka. Fim ɗin da ka rantse wa mamata ba ka taɓa kallo ba, wai ba ka da lokacin wasan yara."

"Gwaji nake yi! In na gyara talabijin dole in gwada ta da wani abu. Da fuskarki nake gwadawa. In hancin ya fito a miƙe, ta gyaru. In ya karkace, da sauran aiki."

"Har ka haddace magana?"

"Talabijin goma sha ɗaya na gyara a watan nan. Laifina ne?"

"Tela na kusa da kai ya ce ya gan ka kana share ido."

"Hayaƙin dalma ne. Tela kuma maƙaryaci ne, sana'arsu ce."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta jawo wani tsohon akwatin talabijin ta zauna a kai, ta kife wayarta a kan cinya. Wayar na ta ƙugi, ba ta duba ba. Tsohon ya gyara zaman tabarau ya ƙura mata ido.

"Wannan gilashin yana nuna min abin da ban tambaya ba. Idonki ya kumbura. Wa ya taɓa ki? Duk duniyar nan ni kaɗai aka ba izinin zaginki."

"An ƙwace maka sana'a, Tsoho. Yanzu dubbai ke yi, kuma sun fi ka iyawa."

Ta ba shi labari. A sabon fim ɗinta ta fito a matsayin 'yar mutanen kan dutse, fim ɗin kuma ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Sai wani ya rubuta a waya cewa ita ba 'yar dutse ba ce, a dubi gashinta, baƙuwa ce ta zo cin abincin 'yan gida. Wasu suka ce ai 'yar cikin gari ce, mutanen gari suka ce su ba su san ta ba, a dubi tsawonta. Mako guda ke nan ana jan ta kamar tsumma a bakin karnuka. Wani ya kira ta tsintacciyar mage. Wata ta ce wanda ya fito daga ko'ina bai fito daga ko'ina ba.

"Yau da ƙarfe huɗu za a yi hira da ni kai tsaye a gidan talabijin," in ji ta. "Furodusa ya rubuta min abin da zan faɗa. Ya ce in zaɓi guda ɗaya in riƙe. In ce ni 'yar cikin gari ce gaba da baya, in ɗaure gashina tam, in bar sauran a gida. Ya ce masu kallo ba sa son lissafi mai tsawo, kuma akwai babban fim a gaba da za a iya hana ni in rigimar ta ci gaba." Ta yi ƙoƙarin murmushi. "Shi ya sa na zo. Ku kuka haɗa wannan kwamacalar, kai za ka zaɓa min. Wanne zan ɗauka, wanne zan zubar?"

Mai Dalma ya zare filogin ƙarfen dalma daga bango. A shagon nan ba a cika ganin ya yi haka da rana tsaka ba.

"Kin san yadda ubana ya samu uwata?"

"Ka ce sato ta ya yi."

"Ƙarya nake. Ta sauko daga dutse da awaki uku za ta haye kogi. A tsakiyar ruwa ɗaya ta yi tsalle ta faɗa. Uwata ta kama zaginsa da yarenta, shi yana ramawa da nasa, ba mai jin wani. Da ya ga ba za ta yi shiru ba ya faɗa ruwa ya ciro akuyar. Ya fito jiƙe sharkaf, akuya na atishawa, shi yana atishawa. Sai ta fashe da dariya. Shi ke nan. Shekara biyu na farkon aurensu da hannu suke magana. Danginta suka ce in ta haye kogin nan kada ta sake hawowa dutse. Danginsa kuma har ta mutu Baƙuwa suke ce mata."

"Wannan ai fim ne, Tsoho. Me ya sa ba ka taɓa ba ni shi daidai ba?"

"Saboda yana da kashi na biyu, kuma ni ne mugun a ciki."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ina aji uku, shekarata takwas. Wata rana na manta abincina a gida. Ta biyo ni da shi har ƙofar makaranta, daidai an fito shan iska. Ta hango ni, ta ɗaga kwanon, ta kira ni da yarenta, da sunan da take kirana a ɗaki. Yara suka kwashe da dariya, suna kwaikwayonta. Wani ya ce, 'Kai, wace ce waccan mai maganar tsuntsaye?' Duk ido ya dawo kaina." Ya juya tabarau a hannunsa. "Na ce, 'Ban san ta ba. Wata ce da ke yi mana wanki.'"

Zabuwa ta matso kusa da shi.

"Ba ta jin yaren gari sosai a lokacin, amma wannan ta ji shi. Ta ajiye kwanon a kan wani dutse a bakin ƙofa, ta gyara masa murfi don kada ƙuda ya shiga, ta juya. Da na koma gida ba ta dake ni ba, ba ta gaya wa ubana ba. Ta zuba min ruwan wanka kamar kullum. Amma daga ranar ba ta sake yi min yarenta a gaban mutane ba. A hankali a ɗaki ma ta rage. Ni kuma ina murna, wai na zama ɗan gari."

"Kaka..."

Bai taɓa jin ta kira shi haka ba sai yau.

"Bari in ƙarasa. Da ciwon ajali ya kama ta, yaren gari ya gudu daga bakinta, sai nata ya rage. Kwana biyu tana riƙe da hannuna tana magana, tana magana. Ni kuwa ina cewa to, to. Rabin abin da ta faɗa ban gane ba. Na gyara rediyon mutane ba iyaka don su ji maganar ƙasashen da ba su taɓa takawa ba, amma maganar uwata ta ƙarshe ta wuce ni." Ya mayar da tabarau. "Ni na zaɓi guda ɗaya, Zabuwa. Na san kuɗinsa. Ba zan zaɓa miki ba."

Ya miƙe ya sauko da wata tsohuwar rediyo ta katako daga can saman kanta, ya hure ƙurar da ke kanta. Ta ubansa ce, ta daina magana tun kafin a haifi uwar Zabuwa. Ya ɗauki sukundireba ya kwance bayanta, ya zaro wata ambulan da ta yi ja don tsufa. Hoto ne a ciki. Wani ƙaƙƙarfan mutum baƙi yana zaune, hannayensa kamar faranti a kan gwiwa. A bayansa wata doguwar mace siririya a tsaye, ba ta murmushi, ta dafa kafaɗarsa kamar mai cewa wannan nawa ne.

Zabuwa ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kai yatsa ta taɓa hancinta.

"Kin gani? Ba ƙarya na yi ba. Kayan aro."

Ta share ido da bayan hannu. "Kyakkyawa ce. Shi ma ba laifi. To kai daga ina aka samo ka?"

"Ah, kin warke ke nan."

"Tambaya ce ta ilimi. Barewa ta yi gudu, ɗanta ya zo yana gyaran rediyo."

"Ki riƙe min hoto da kyau, kada ki ɗiga masa wannan jan bakin. Ki nuna musu, ki dawo min da shi kafin magariba."

"Ba zan iya ɗauka ba. Ya yi min nauyi. Sai dai mai shi ya riƙo."

"Wane mai shi?"

"Sun ce in zo da mutum ɗaya daga dangina. Mota na waje. Akwai sabuwar riga da hula a kujerar baya, tela na kusa da kai ya ɗinka tun shekaranjiya, shi ya san awonka."

Tsohon ya buɗe baki ya kasa rufewa. "La ila! Ashe tabarau ɗin tsaba ce aka watsa wa kaza! Ni da tela za mu haɗu."

"Wanda bai iya farauta ba shi ke zagin mai tarko. Wani tsoho ya gaya min."

"Ba inda za ni. Ina da aiki. Mai wannan talabijin zai zo da la'asar."

"Mai wannan talabijin ya rasu bara, kai ka gaya min."

"Magadansa fa?"

"Tashi, Tsoho."

Ya tashi yana gunaguni. Ya sa riga, ya karkata hula, ya tsaya gaban gilashin wata matacciyar talabijin yana juya fuska hagu da dama.

"Ke da kika san aikin, wane ɓari na fuskata ya fi kyau a kyamara?"

Ta dube shi sama da ƙasa kamar mai nazari. "Ƙeya."

Ɗakin hirar sanyi ƙalau, fitilu sun haske kujeru uku. Furodusa na tsaye bayan masu kyamara, yana nuna wa Zabuwa takardar da ya rubuta, yana kuma nuna kansa, wato ta ja ɗankwali ta rufe gashi. Ta yi masa murmushi ta bar ɗankwalin inda yake. Mai gabatarwa ta yi gaisuwa, ta yi tambaya biyu a kan fim, sannan ta zo inda kowa ke jira.

"Mutane na ta magana. Ke 'yar ina ce takamaimai?"

"Kina da lokaci?" in ji Zabuwa. "Don mu shida ne a kujerar nan."

Ta ɗaga yatsu ta fara. Matuƙin kwalekwale da ya faɗa kogi saboda akuyar wadda ba ya jin yarenta. Matar da ta bar dutsensu ta haye ruwa ba ta waiwaya ba. Mai yadin da ya zo wata uku ya yi shekara hamsin. Ungozomar da rabin unguwa suka faɗo a hannunta. Dogon mutumin ƙasar yashi, da gajeruwar matar ƙasar kurmi da ke zaunar da shi da ido. Ba ta yi sauri ba, ba ta ɗaga murya ba. Kowanne ta ba shi sana'arsa da halinsa, har masu kyamara suka fara dariya a inda ya kamata.

"An ce in zaɓi ɗaya," ta ce. "To wa zan kora? Kowannensu ya bar wani abu da yake so kafin a same ni. Wanda ya ce ni ba tasu ba ce, ban yi fushi ba, bai san labarin ba ne. Yanzu ya sani. Wadda na fito a madadinta a fim kuwa, ban aro ta a wurin kowa ba. Ga ɗanta nan zaune."

Kyamara ta juya kan Mai Dalma. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa tun safe ya zauna kamar an ɗinke shi. Hoton na hannunsa. Ya ɗaga shi saitin kyamara, ya gyara murya, ya faɗi wasu kalmomi kaɗan da wani yare da mai gabatarwa ba ta sani ba. Sun fito a hankali, da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara sittin a rufe.

"Baba, me ka ce?"

"Na ce wannan uwata ce. Na san ta."

Ɗakin ya yi tsit. Mai gabatarwa ta duba takardarta ta rasa tambaya ta gaba. Furodusa ya ninke tasa takardar ya sa a aljihu.

Da aka gama suka fito baranda, sai ga matar da ta yi musu kwalliya kafin shiri ta biyo su da sauri. Ta durƙusa gaban tsohon ta gaishe shi da yaren nan. Ya amsa da abin da ya samu. Ta ƙara faɗin wani abu, tana dariya tana hawaye.

"Me ta ce?" in ji Zabuwa.

Matar ta juyo. "Na ce ni ma 'yar can ce. Kuma maganarsa daidai take, ba kuskure. Sai dai irin ta yara ce, yadda ɗan shekara bakwai ko takwas ke yi wa uwarsa magana. In yana so, babata na nan da rai, ba ta da aiki sai hira. Zai samu sauran a wurinta."

Tsohon ya gyaɗa kai. Zabuwa ta karɓi lambar matar. Da ta tafi, ta dubi kakanta ta gefen ido.

"Ɗan shekara takwas. Ashe duk shekarun nan ƙanina nake yi wa biyayya."

"Yaushe kika yi min biyayya? Kawo rana ɗaya." Ya fyace hanci da hankici, ya gyara hula. "Kuma ki faɗi gaskiya, na fi ki iya abin nan. Ke kin yi ta zuba kamar famfo, ni kalma biyar na faɗa ɗaki ya mutu. Gobe ni za a sa a allon titi."

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ɗaga, ta saurara, tana cewa to, to, na gode, in sha Allahu. Ta kashe.

"Daraktan babban fim ɗin ne. Ya ce aikina na nan, ranar Litinin za mu fara."

"Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko."

"Ya kuma tambaye ni kai. Wai akwai wani matsayi da ya dace da kai, kamar don kai aka rubuta."

Mai Dalma ya tsaya cak, ya buɗe kafaɗa. "Na gaya miki! Sarki ne ko attajiri?"

"Gawa. Za ka kwanta a kan gado a rufe ka da mayafi, ana kuka a kanka. Minti goma kacal."

"Me zan faɗa?"

"Ba komai. Gawa ce, Tsoho. Minti goma ba magana."

Ya tsaya yana lissafi da gaske, leɓensa na motsi. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da tari, har sai da ya dafa bango.

"Minti goma! A'a, nan kam kin kama ni. Ki ce masa ya nemi wani, ni ko a makara sai na tanka." Ya share ido, ya kamo hannunta ya ɗora mata ambulan ɗin a tafi, ya rufe da nasa. "Ungo. Ba aro ba ne wannan karon. Ta gaji da zama a cikin rediyo, ki kai ta inda za ta ga mutane."